Makullin masallaci a hannun ɗan ƙwaya

Na daɗe ina son rubuta wannan abin, sai in fara in goge, saboda magana ce ta cikin gida kuma mu ba a san mu da shanya kayan ciki a kasuwa ba. Sai da na tambayi mai abin, ƙanina da yake bina, yace Yaya rubuta mana, amma dan Allah kar ka sa sunana ko sunan garinmu, kar gobe inje neman aure a buɗe waya a nuna wa uban yarinya. Toh ba suna. Ƙauye ne dai a Kano ta Arewa, in ka sauka a bakin kwalta sai ka hau mashin kusan minti 40, da damina kuwa in rafi ya kawo sai dai ka nemi wajen kwana.

Yaron nan ba a majalisar banza ya koyi sha ba, a gona ya koya, wannan nake so 'yan birni masu cewa duk ɗan ƙwaya ɗan iska ne su fara ji. Ƙwadago yake yi, da damina huɗa da noma, da rani kuma fadama wajen masu albasa da tumatir, kuma biyan ba na yini bane, iya kunyar da ka huɗe iya kuɗinka. Wata rana bayansa ya riƙe wani abokin aikinsa ya miƙo masa tramol guda ɗaya yace haɗiye da ruwa, ranar yayi aikin mutum biyu bai ji komai ba, ya dawo gida da kuɗin da bai taɓa samu ba har ya sayo wa Inna sabulu da omo, ta sa masa albarka. Kaga inda abin ya fara, da albarka ya fara wallahi, babu wanda ya ga laifi. Shi tramol ɗin magani ne na gaske, na kashe raɗaɗi, likitoci suna rubuta mai 50 ko mai 100 kuma ko mara lafiya ba a so ya wuce 400 a yini, amma wanda ake sayarwa a teburin kasuwar ƙauye mai 200 ne da 225 har 250, wanda babu asibitin da zai rubuta maka shi. Kafin shekara biyu yana haɗiyar mai 225 guda huɗu ko biyar kafin la'asar, ba don yayi aikin mutum biyu ba yanzu, don kawai ya iya tashi daga kan tabarma. Da dare kuma ido ya bushe barci ya ƙi zuwa, sai aka koya masa roci, ƙwayar sa barci, wato ɗaya ta tashe shi da safe ɗaya ta kwantar dashi da dare.

Ni ina birni ina koyarwa a wata firamare, sai ƙarshen wata nake leƙawa, ina ganin yana ramewa ina cewa wahalar gona ce. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a fadama yana karkarwa kumfa na fita a baki, duk gari aka ce iska ce, wasu suka ce sammu aka yi masa saboda ya fi sa'o'insa ƙwazo. Inna ta sayar da tunkiyarta aka yi rubutu aka yi hayaƙi aka kira mai ruƙiyya daga wani gari. Sai da ya sake faɗuwa karo na biyu na zo na shiga ɗakinsa ina neman katin rigakafinsa ko wata takarda da za a je asibiti da ita, na ɗaga katifa naga fankon katin ƙwaya sun fi a ƙirga. Na fito na same shi a tsakar gida na kwaɗa masa mari gaban Inna. Har yau in na tuna sai naji kunya, don marin nan ba abin da ya rage sai ma ya daina kwana a gida.

Daga baya da na shiga karance-karance na gane ba mu kaɗai bane. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa tayi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara ɗaya, kashi 14.4 cikin ɗari kenan, miliyan 4.6 daga ciki irin su tramol da kodin suke sha, Kano kuma kashi 16 cikin ɗari, sama da mutum miliyan ɗaya. In ka raba wannan adadin unguwa-unguwa ƙauye-ƙauye, babu limamin da zai juyo bayan sallama bai haɗa ido da uban wani ko yayan wani mai sha ba. Amma kowa ya rufe bakinsa yana ganin shi kaɗai Allah ya jarraba.

Aka yi zaman gida a zauren Baba. Baffa, ƙanin Baba, shi ya kawo maganar gidan mari, yace akwai wani malami a wani gari da ake kai kangararru, wata shida yaro ya dawo kamar an sake shi, kuɗin kuma buhun gero biyu ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Ni kuma abin da ya faɗo min a rai hotunan 2019 ne, lokacin da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala, bayan 'yan makonni aka sake samun irinsa a Daura. Na faɗa musu, Baffa yace to kai ɗan boko kawo naka. Kuma gaskiya bani da shi. Shi yasa ni bana zagin iyayen da suka kai 'ya'yansu irin wuraren nan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mutum ɗansa yana sace masa akuya yana zare wa uwarsa ido, asibitin ƙwaƙwalwa kuma ƙirga su ake da yatsu, Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Kazaure a Jigawa, na Maiduguri, dukkansu nesa da mai gona, kuma da ka ambaci Dawanau abin da mutumin ƙauye yake ji shi ne ka ce ɗansa ya haukace. Gidan mari kuwa da sunan karatun allo ake zuwa, ba kunya a ciki, ka ce wa maƙwabta ya tafi karatu.

Baba bai ce komai ba, da aka tashi yace min muje wajen Liman.

Limamin namu tsoho ne, ya haura 70, irin malaman zaure ɗin nan masu biya wa mutane Ahalari da Iziyya da Risala bayan asuba, ba mai yawan magana bane kuma ba shi da waya mai shafawa. Muka zauna Baba ya kasa magana, ni na faɗa. Nace Allah gafarta Malam ga halin da muke ciki, ga shawarar Baffa. Yayi shiru har na zaci gyangyaɗi yake, sannan yace, shi yaron an tambaye shi me yake so? Wallahi duk zaman da muka yi babu wanda ya kawo wannan a ransa. Sai kuma yace wani abu da ban zata daga bakinsa ba, yace shekarun baya ya taɓa yin huɗuba a kan 'yan ƙwaya, ya zage su tas, yace sun fi dabba ɓata, dattawa suka ji daɗi aka yi ta kabbara, da sati ya zagayo sai ya lura samarin da suke tsayawa a sahun baya kusa da ƙofa babu su, kuma basu sake dawowa ba. Yace ni na kore su da bakina, kantin mai ƙwaya kuma bai taɓa korar kowa ba.

Shi ya aika aka kira yaron, ba a gabanmu suka yi magana ba, bansan me suka ce ba har yau. Abin da na sani da ya fito idonsa yayi ja, Liman kuma yace wa Baba, Malam ku kai shi asibiti tukuna, addu'a muna yi kuma za mu ci gaba, amma abin da ya shiga jini akwai waɗanda Allah ya sanar da su yadda ake fitar dashi, ni ban karanta wannan babin ba. Nawa aikin sai ya dawo.

Kuɗi fa? An cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya ninka, ga kati ga magani ga abincin mai jinya. Ranar Juma'a bayan sallah Liman ya miƙe yace akwai wani ɗan'uwanmu ba shi da lafiya za a kai shi birni, a taimaka, bai faɗi suna ba bai faɗi ciwo ba, aka zagaya da faifai. Kowa ya san ko waye mana, ƙauye ne, amma rashin faɗin sunan nan shi ya ba Baba damar ɗaga kai ya fita daga masallaci. Wani ya kawo tiya biyar ta wake, matan Islamiyya suka haɗa nasu a ƙullin leda, wani mai mashin yace shi zai riƙa kai mu bakin titi kyauta duk ranar da za mu koma ganin likita, kuma ya cika, har yau shi yake kai shi.

A asibiti na koyi abin da ya sa na ƙara gode wa Allah da ba mu bi ta Baffa ba. Likitan yace barin tramol azaba ce, zufa, gudawa, hamma da majina da hawaye, gaɓoɓi kamar ana sara, ƙafa ta ƙi zama waje ɗaya, ba barci, kwana biyu zuwa uku na farko sun fi tsanani sannan ya fara sauƙi wajen sati, amma wadda ta fi ba su tsoro ita ce rocin da 'yan'uwanta irin su diyazefam, in jiki ya saba da su aka yanke rana ɗaya mutum zai iya kama jijjiga har ya rasa ransa, sai dai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Ya kuma ce faɗuwar da yake yi a gona tramol ɗin ne da kansa yake kawo ta in ya yi yawa, ba iska ba. Toh ka duba, a ɗaure irin wannan yaron a turke a ce ya daina yau, in ya fara karkarwa a ce aljanin ne yake fita a ƙara masa bulala. Allah kaɗai ya san nawa suka tafi a haka.

Wani abu da bazan manta ba a can, Inna ta yi ƙawa da wata mata Kirista 'yar kudancin Kaduna da take jinyar ɗanta, shi giya ce da wiwi, tabarma ɗaya suke shimfiɗawa a baranda, in Inna za ta yi sallah ita take tsare mata kaya. Tace ita ma zumuntar mata ta cocinsu ce ta haɗa mata kuɗin mota, fastonsu kuma duk sati sai ya kira. Inna da ta dawo gida ta yi ta ba da labarin nan kamar ta je Makka, wai ashe kukan uwa iri ɗaya ne.

Ya yi 'yan makonni aka sallame shi, ya yi fari ya ɗan ciko, mu duk a zatonmu an gama. Ashe nan ne farkon aikin. Likita yana birni, sai bayan wata guda za a koma ya gan shi na minti goma sha, sauran kwana 29 ɗin fa, kowanne da awa 24 a cikinsa, a garin da daga ƙofar gidanmu zuwa kemis ɗin da yake saya bai kai taku 200 ba, abokan da suke sha tare suna nan a gindin darbejiyar da ya bar su, mutanen kirki kuma in ya zo wucewa sai ka ga mai waya ya mayar da ita aljihu, in ya shiga masallaci wani ya ɗauki takalminsa ya shiga dashi ciki. Babu mai ɗaukarsa aiki. Majalisa ɗaya ce tak a garin take masa maraba, ita ce wadda aka ce kar ya je. Ana cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, gaskiya ne, amma in duk gari maɗaukin kanwa ne kaɗai zai matsa maka ka zauna fa?

Kwana huɗu da dawowarsa bayan sallar isha'i, gaban mutane, Liman ya ciro makullin masallaci daga aljihu ya miƙa masa. Yace daga gobe kai za ka riƙa buɗewa kafin asuba, ka share, ka cika randa da butoci, ka kunna injin lasifika kafin Ladan ya iso, da dare kai za ka rufe.

Kai jama'a, ranar an yi surutu. Don a cikin masallacin nan akwai batirin sola da aka yi shekara ana tara kuɗinsa, akwai injin lasifika, akwai agogon bango da darduma da wani ɗan garin ya aiko daga Saudiyya, kuma kowa ya san yaron ya taɓa ɗauke injin ban ruwan wani ya sayar, Baba ne ya biya. Ladan ya fito fili yace Allah gafarta Malam wannan ai ba wa kura ajiyar nama ne. Ni kaina, in faɗi gaskiya, da aka kira ni a waya aka faɗa min sai da cikina ya ɗuri ruwa, nace in batirin nan ya ɓata mun gama yawo a garin nan. Liman bai yi musu da kowa ba, washegari a karatun asuba sai ya kawo labarin sahabin nan Abdullahi da ake wa laƙabi da Himar, mai ba Manzon Allah (SAW) dariya, wanda aka sha kawowa ana masa bulala saboda giya, har wata rana wani yace Allah ya la'ance shi sau nawa ake kawo shi, Annabi (SAW) yace kar ku la'ance shi, wallahi abin da na sani yana son Allah da Manzonsa. Yace yana cikin Bukhari duk mai shakka ya je ya duba. Sannan ya kawo wani hadisin, inda aka ce kar ku zama masu taimakon Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Ya rufe littafi ya shiga gida.

Sai daga baya na gane dabarar tsohon. Lokacin da yaron ya saba haɗiyar ta farko shi ne da duku-duku kafin ya fita gona, lokacin da jiki yake fi neman ta kenan, toh yanzu a daidai wannan lokacin yana bakin rijiya yana jan guga, kuma ya san in ya makara mutum 30 za su tsaya a waje cikin sanyi suna jiransa. Shekara nawa rabon da wani ya jira shi don wani abin kirki. Da dare kuma tunda shi ne mai rufewa dole shi ne na ƙarshen fita, Liman kuma ba ya tashi da wuri, sai su zauna a zaure a dafa shayi, wani lokacin karatu wani lokacin hirar duniya kawai, har lokacin majalisar gindin darbejiya ya wuce.

A hankali zaman nan ya zama wani abu. Wani abokinsa ya fara raɓowa, wai shayi ya kawo shi, sai wani, yanzu su biyar ne zuwa shida duk daren Alhamis, a gari ana ce masa karatun dare, don haka duk wanda aka gani ya shiga ba za a ce ga ɗan ƙwaya ba, ɗalibi ne. Doka biyu Liman ya sa, abin da aka faɗa a zaure a zaure yake kwana, kuma wanda ya sha ranar ya zo a haka ya faɗa, ba za a kore shi ba, ƙarya ce kawai ba a so. Na taɓa ce masa Allah gafarta Malam ka san Turawa suna da irin wannan, tun 1935 wasu mashaya giya biyu suka fara a garin Akron na Amurka, su zauna kowa ya faɗi damuwarsa ba a fitar da suna, yawancin zaman ma a ɗakunan coci ake yi, har Musulmin can suka kafa nasu a Baltimore a 1989 mai suna Millati Islami. Yayi dariya yace to su ma sun gano mutum ba ya warkewa shi kaɗai kenan, ya ci gaba da firfita shayinsa, ko a jikinsa.

Kar in sa ku zaci daga nan komai ya tafi sumul. Wata biyar da dawowarsa kaka ta yi, aikin yankan gero da ɗaurin dawa ya kankama, aka fara ɗaukarsa aiki kuma, kwana uku yana fama bayansa ya riƙe yaga sa'o'insa suna wuce shi, ya je ya saya. Asubar ranar mutane suka zo masallaci a kulle, aka yi sallah a waje kan yashi, Ladan yace ai dama na faɗa. Kuma abin tsoron, wanda likita ya riga ya ja mana kunne a kai, in mutum ya daina na wani lokaci jikinsa ya manta, in ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da zai iya zama ajalinsa, shi kuma uku ya haɗiya lokaci ɗaya. Allah ya sa da sauran kwana. Liman da kansa ya taka har ɗakinsa da sandarsa, ya zauna a bakin katifa, Inna tana jiyo su daga tsakar gida, tace abin da taji yana faɗa masa shi ne ita kanta giya ba rana ɗaya aka hana ta ba, sai da aka fara cewa zunubinta ya fi amfaninta a Baƙara, aka zo aka ce kar a kusanci sallah cikin maye a Nisa'i, sannan aka yanke a Ma'ida, kuma Nana A'isha tace da farkon abin da ya sauka shi ne kar ku sha giya da mutane sun ce ba za mu taɓa bari ba. Yace tashi ka wanke fuska gobe a mayar da kai wajen likita ka faɗa masa da bakinka.

Bai karɓe makullin ba. Amma ya sa aka yanko na biyu aka ba Ladan, yace shi ma Ladan yana da gaskiya, jama'a ba za su sake sallah a waje ba saboda mutum ɗaya. Wannan ya burge ni fiye da ba da makullin na farko ma.

Inda nake da ƙorafi, kuma na faɗa wa Liman da ladabi, shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Mai kemis ɗin nan ɗan gari ne, a sahun gaba yake sallah, kowa ya san abin da yake ajiyewa a ƙarƙashin kanta. An kai maganarsa wajen Dagaci, aka kira shi ya rantse ya daina, ya koma ba wa wani yaro mai tebur yana sayar masa ranar kasuwa. In ka ce a kira 'yan NDLEA ko Hisba sai a ce za ka tona asirin gari, kuma ƙanwarsa tana auren wane. Sannan masu manyan gonaki, akwai wanda ni na sani da kansa yake sayo katin ƙwayar ya raba wa 'yan ƙwadago da safe kamar goro don a gama masa da wuri, kuma yana cikin waɗanda suka sa hannu a faifai ranar da aka tara mana kuɗi, shi ya yi wa masallacin rufin kwano. Da na kawo wannan Liman ya daɗe yana jan carbi sannan yace a yi ta addu'a. Na fahimce shi, tsoho ne kuma a garin zai kwana, amma ban ji daɗi ba. Gwamnati ma haka take nata, a 2017 aka faɗa a majalisar dattawa cewa kwalbar kodin miliyan 3 ake sha kullum a Kano da Jigawa, a 2018 BBC ta fitar da bincikenta kwana ɗaya tsakani aka hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi, kwalba ta yi tsada yara suka koma ƙwaya, da aka matsa wa tramol sai ga wasu irin su Tafrodol daga Indiya, sunan ne kawai yake canzawa a bakin yaran.

Mata kuwa ba a ma fara maganarsu ba. Binciken can na hukumar ƙididdiga yace cikin duk masu sha huɗu ɗaya mace ce, a ƙauye kuma mace ba za ta je zauren Liman da dare ba, ba za a ba ta makullin masallaci ba, in asirinta ya tonu takardar saki ce. Malamar Islamiyyar matan aure ta faɗa wa matata cewa akwai biyu da suke zuwa wajenta bayan an tashi, tana rufa musu asiri, amma ba ta san yadda za ta kai su ga likita ba tare da mazajensu sun sani ba, kuma ni ma da aka tambaye ni shiru na yi.

Yanzu wata 14 kenan rabonsa da ita, bana cewa ya warke, shi ma baya faɗa, cewa yake yau dai ban sha ba. Cikin 'yan karatun daren ɗaya ya koma ruwa gaba ɗaya ya tafi Legas ba a jin ɗuriyarsa, ɗaya an kai shi asibiti da kuɗin faifai kamar yadda aka yi mana, wannan karon ƙanina ne ya raka shi don shi ya san hanya da inda ake yankar kati. Ya daina ƙwadagon kunya, Liman ya haɗa shi da wani mai gyaran injin ban ruwa yana koyo, abin dariya irin injin da ya taɓa sacewa. Ya nemi wata yarinya a unguwar gabas uban yace a ba shi shekara ɗaya ya gani, Baffa ya ji haushi yace raini ne, shi kuwa yaron yace in shi ne uban shekara biyu zai ce.

Makon jiya na je gida na kwana, wajen ƙarfe huɗu da rabi naji ƙarar ƙofar zaure, na leƙa ta taga na gan shi da tocilan a baki yana ɗaure bokiti a bayan keke, makullin yana rataye a wuyansa da igiyar buhu. Ranar Talata mai zuwa ne komawarsa asibiti, na bar wa Inna kuɗin mota, mai mashin kuma yace ƙarfe shida zai zo in ba a yi ruwa ba.